Kar ki mayar da salatif ɗin

Auta,

Na tafi asibitin ido, ban so in tashe ki ba.

Jiya bayan tafiyarki daga shago masu kafa sabon injin yankan ƙarfe suka gama, suka ce komai ras. Ban iya karanta allon kwamfutarsa ba, amma na iya karanta mutane. Na ga ɗayansu ya liƙe ɗan maɓallin bakin ƙofar injin da salatif, don ya riƙa juyawa ko ƙofa na buɗe. Wai ya fi sauri. Na ce to. Suna fita na ɓare shi.

In kin kunna ya ƙi tashi, lafiyarsa ƙalau, ƙofa yake so ki rufe. Kar ki mayar da salatif ɗin, ko sun ce ba komai. Fara gwada shi da guntun katako, hannunki kusa da jan maɓallin kashe shi.

Na san kin fi ni boko. Ni tsohon injinmu ne malamina, ya bar ni da yatsu tara. Naki goma nake so ki dawo da su gida.

Babanki