Alkyabbar da Anka Ce In Ɗinka ma Mutumin Daji

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinshi, da fatan kana cikin rahamar Allah. Baba, ka san wa anka ce in ɗinka ma alkyabba da takardunka na yanka?

Ranar kasuwar Bodinga wasu mutum biyu sunka tsai da babur bakin shago. Ba su zauna ba, ba su sauke rawani daga baki ba. Guda ya aje farin yadi mai nauyi bisa keken ɗinki, da igiya mai ƙulle-ƙulle. Wai an yi sulhu da maigidansu na daji, za a naɗa mashi sarauta in an yanke gero, kuma irin alkyabbar tsohon hakimi yake so, wadda kakana ya ɗinka. Sun san ka rasu bara. Sun tambayi lafiyar Inna. Sun tambayi ƙanwata Hadiza da ke aure Mandera, har da sunan jaririnta.

Igiyar ta fi komi kashe mani jiki. Kai ka koya mani ba a sa ma babban mutum tef a jiki, sai dai ya aiko da igiya: ƙullin farko faɗin kafaɗa, na biyu tsawo har idon sawu, na ƙarshe zurfin kokuwar da ke rufe kai. To wa ya koya masu wannan? Ba zancen kasuwa ba ne. Wani ne daga masu shiga zauren manya ya zauna ya ƙulla masu ita da hannunshi.

Ina tuna ranar da ka fara buɗe mani adakar takardun yanka. Tsofaffin jaridu ne da kakana ya manne da sitaci, ya yanke su siffar gaba da baya da kokuwa. Kana yanka yadi, ni ina bin baƙaƙen da yatsa. A nan na koyi boko, ba malami ba aji. Labari na kaiwa wurin daɗi sai in tarar almakashi ya cinye sauran daidai wuya. Kai kuma kakan daka mani tsawa in ɗauke hannuna mai maiƙon ƙuli-ƙuli.

Kai ne kakan ce, "Alkyabba ba riga ba ce. Wanda ka ɗinka ma ita, ka shaida ma mutane su duƙa mashi." Ka taɓa maida wani dillalin albasa na Danchadi da yadinshi, don ba a naɗa shi komi ba, hoto kawai yake so. Mun sha dariya ranar. Wanga ba dillalin albasa ba ne, Baba.

Kuma yankan gidanmu ba ya ɓoyuwa. Kokuwa mai tsini, tuntu a gefe, kafaɗa mai zubowa. Duk tsohon da ya hango ta daga nan har Shagari zai faɗi gidan da ta fito. In na ɗinka, ranar da sulhun ya watse 'yan sa-kai ba za su nemi mai ƙulla igiya ba. Tela za su zo nema, su ce infoman mutanen daji ne. Matan da anka kashe ma maza a gona ma da wane ido zan dube su? In kuwa na ƙi, mutanen can sun san hanyar Mandera.

Na je wurin dattawa. Guda ya ce ai sana'ata ce, tela ba ya tambayar mai kaya. Na ce ya maimaita gaban mutane, sai ya tuna bai yi alwala ba. Wani ya ce shi bai ji mi na faɗa ba. A zaure kowa jarumi ne, da an fito fili sai kurumta.

Inna ta ce in ɗinka. Ta faɗi haka tana kuka, kuma tun ranar ba ta cin abincin kirki. Jiya na shimfiɗa takardar baya bisa yadin, na ɗauki alli, sai na aje shi ban zana komi ba. Gero kuwa ya fara nuna.

Tsoro nake ji, Baba. Ni ɗin nan da kake cewa bakina zai ja mani duka wata rana. Da kana nan da ka gyara zaman tabarau ka faɗi kalma guda, ni kuma in bi, ko mi za ya faru. Ina kewar tarin nan naka na bayan keke.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da kakana cikin aljanna. Allah ya tsare Hadiza da ɗanta, ya ba Inna haƙuri.

Ku kuma da kunka zauna sulhun, na san kuna karanta wagga wasiƙa, shi ya sa na aje ta inda kowa ke gani. Guda daga cikinku ya tashi bayan sallar Juma'a, ya kama lasifika, ya faɗi sunanshi. Ya ce Nasiru ɗinka, mu munka sa ka. Ko ya ce kar ka ɗinka, tsaron gidan Hadiza na wuyanmu. Ku amsa mani gaban jama'a kafin a sa lauje a gero.

Ɗanka,
Nasiru tela, Bodinga