Furen Hof a Kan Tabarmar Barkono

Hongcheon, farkon Satumba

Zuwa ga Yayana Gyu-cheol,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kuma horon soja bai yi maka tsanani ba. Ni da Kaka lafiya ƙalau.

Yaya, akwai matsala. Hof ɗin da ka shuka a bayan gida, tsiron nan mai hawa igiya da ake sa furensa a giyar sha'ir, ya yi fure, mun tsinke, Kaka ta dafa giyar yadda ka koya mana. Ta yi kumfa, ta lafa, amma ba ƙanshi. Ka ce furen ne zai sa ta ƙanshi kamar ana ɓare lemo. Na daɗe da hanci a bakin tulun, ban ji komai ba sai warin busasshiyar ciyawa. Kaka ta kurɓa ta ce, "Wannan ai shayin sha'ir ne da ya kwana. Da shinkafa kuka ba ni, da na yi muku abin kirki."

Ban manta abin da ka faɗa a tasha ba: in gonarmu ta ba da hof mai ƙanshi, za ka dawo ƙauye ka kafa wurin dafa giya, in ba ta bayar ba, Seoul za ka nufa. Yanzu ni kaɗai ke shiga motar makaranta daga nan. In na dawo, ba mai magana a gidan sai talabijin.

Don Allah ka faɗa mini inda muka yi kuskure.

Ƙanwarka,
Da-rae

*

Da-rae, Kunkuruna,

Ina gaisuwa. Ki gaida Kaka, ki ce mata abincin nan ko karenmu ba zai ci ba.

Daina kuka, na ga tabon hawaye a takardar, ko miyar dare ce? Amsa mini waɗannan. An zuba furen duka tun farkon tafasa? In an yi haka ƙanshin ya bi tururi, ɗaci kawai zai rage. Na ce a ajiye rabi sai an kusa saukewa. Sannan wane launi furen yake lokacin da aka zuba? Kore ya kamata, mai gari ruwan ɗorawa a ciki, yana manne wa yatsa. A inuwa ake shanya shi, a ɗaure a leda, a jefa firiza. Na nanata wa Kaka wannan har ta kore ni da ludayi.

In akwai saura a saman igiya, tsinko, ki sa a tsumma mai tsabta, ku jefa cikin tulun ya yi 'yan kwanaki a rufe. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙe, na san halinki. Kuma hanci kawai, ban da kurɓa, ke yarinya ce.

Yayanki da ƙafarsa ta yi bororo,
Gyu-cheol

*

Hongcheon, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan ƙafarka ta warke. Miya ce, ba hawaye ba.

Rabin mun ajiye shi har ƙarshe, ni ce na zuba. Amma furen ba kore ba ne, ja-ja ne kamar ganyen taba. Na ɗauka haka yake komawa. Da na duba ragowar, sai na ga 'ya'yan barkono a ciki. Ashe kullum in na tafi makaranta, Kaka na baza shi a tsakar gida kan tabarmar barkono, rana na dukansa, ta kwashe kafin in dawo.

Na yi kwana biyu ina juya maganar, ka san ni. Ran Lahadi muna yankan kabeji na ce, "Kaka, Yaya ya ce a inuwa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kunnena lafiyarsa lau."

"To mantawa kika yi?"

"Ja'ira, ni da na shekara hamsin ina dafa giyar shinkafa ce zan manta abin da rana ke yi wa ƙanshi?" Ta ajiye wuƙar. "Leƙa titi ki gaya mini wa kika gani. Tsofaffi da sanduna. Wa zai sha giyar tasa, matattu? Wa zai aura, itacen tuffa? Ubanku ya zauna don ni, gonar nan ta cinye shi. Ba zan ba ta na biyu ba. Ke ma kina gama makaranta jakarki zan haɗa."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Miƙo gishiri."

Yaya, duk da haka na aro tsani, na hau, na tsinko na saman igiya. Bai cika tafi biyu ba. Tsanin na rawa, sai na ji ya tsaya cak. Na duba ƙasa, Kaka ce ta riƙe shi, tana kallon wani wuri.

Jiya muka buɗe tulun. Ƙanshin lemo ya cika ɗakin girki. Kaka ta kurɓa, ta ce, "Yaron ya iya." Ta fita wajen barkononta, ta daɗe ba ta shigo ba.

Gonar ba ta da laifi, ka cika sharaɗinka. Na so in yi murna, na kasa. Ina so ka dawo, kuma ina ganin Kaka ba ƙarya ta yi ba. Za ka dawo?

Ƙanwarka mai kewarka,
Da-rae

*

Da-rae,

Ina gaishe ku. Kada ki ƙara tayar wa Kaka da maganar. Ki ce mata zan zo hutu bayan girbin shinkafa, ta zuba mini giyar a kwanon Baba.

Tambayarki tana aljihuna, ina fito da ita ina mayarwa. Da na san amsar, da ke zan fara faɗa wa.

Ki kula da kanki.

Yayanki,
Gyu-cheol