Anzar da ke kan tudun gonarmu

Tama, farkon daminar 1984

Zuwa ga yayana Lurwanu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya kai da Biba da yara. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan muna lafiya, sai dai ruwa. An yi shuka, ta fito, ta ƙone. Hadari yakan taso daga gabas, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi.

Yaya, maganar tudun gonarmu ce ta sa na zauna rubutu. Ka san tun yunwar saba'in da uku mu matan unguwa muka haɗa kai a bayan Gogo, yayar Baba, tana koya mana itatuwan daji da suka raya mu a lokacin: jiga da aduwa, da anza musamman. Ita ke nuna mana wadda ta isa tsinka, da yadda ake jiƙa ƙwayarta kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita, don wanda ya ci ta da gaggawa cikinsa ne zai gaya masa. Mun je wurin hukuma a garin Buza neman wayar shinge don kare itatuwan, aka yaba mana ƙwarai, aka ba mu baro guda mai karyayyar ƙafa. Da ƙaya muke kare abin da ya rage, awaki kuwa ba su jin kunyar ƙaya. Anzar wajen gari duk an sare ta an yi girki. Tsofaffin da ke kan tudunmu kaɗai suka saura, daga gare su muke samun iri.

To ga Tanko ƙanenka ya wasa gatari. Ya ce zai tumɓuke su ya ƙara faɗin gona, wai abincin wahala ne, kuma abin kunya ne a ga gidanmu na gadinsa. Na yi masa magana, ya ce mace ba ta yanke hukuncin gona, kai ne babba, kuma ba ka hana ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne bana anzar ta yi 'ya'ya har rassa na jan ƙasa. Muka kai Gogo muna murna. Idonta ya yi rauni, sai ta shafa rassan da hannu. Can ta ce, "Haka ta yi waccan shekara ta yunwa da munka rufe ɗiyan Mato maƙwabcinmu. Ku tahi ku wanke manyan tukane na jiƙon anza." Tun ranar ba ta ƙara yi wa kowa tsiya ba, kai kuwa ka san Gogo da baki.

Ba kuɗi nake roƙo ba, yaya. Kalma guda ka aiko wa Tanko ta bakin duk mai zuwa gida, ka ce ya bar anzar. Ya ce zai jira ka zuwa ruwa na gaba. Ban taɓa zaton zan ji tsoron saukar ruwa ba, ga shi yanzu ina tsoron ya zo, ina tsoron kada ya zo.

Ka gaida Biba, da yara Iliyasu da 'yar Altine. Abokan aikina Mairamu da Jima suna gaishe ka. Gogo ta ce in gaya maka tukwanen sun bushe, suna jira.

Ƙanwarka,
Hasana