Batiran Firijin Asibitinmu da Suka Bi Ayarin Nukiliya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Wutar Gobe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan ka koma birni lafiya, kai da ayarinka da kayan da kuka zo da su, har da waɗanda ba ku zo da su ba.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, kuma babu dalilin da zai sa ka san ni. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Tambuwal, ɗaya daga cikin garuruwan da kuka yada zango da kakar bara don ku wayar mana da kai a kan wutar nukiliya. Amma ka san mahaifina. Shi ne dattijon nan mai farin rawani da ya buɗe taronku da addu'a, wanda ka dafa kafaɗarsa aka ɗauke ku hoto. Malam muke ce masa, mu da mutanen gari duka, domin tun kafin a haife ni yake karantar da littattafai a zaurensa. Ya daɗe yana fama da ciwon suga, kuma ni nake yi masa allura safe da yamma. Maganin allurar ba ya son zafi. Daga Sakkwato muke sayo shi da ɗan yawa saboda halin hanyarmu, mu ajiye a firijin ƙaramin asibitin garinmu, wanda ke aiki da sola.

Na farko, godiya. Mun ji daɗin lacca ƙwarai. Mun ga majigi, mun ga wani katafaren gini fari a ƙasar Turawa, shanu na kiwo kusa da shi babu abin da ya dame su. Ka gaya mana duniya ta gaji da hayaƙin janareto da na gawayi, cewa nukiliya wuta ce mai tsabta wadda ba ta ɗaukewa dare da rana, kuma masu zuba jari na nan tafe da kuɗinsu. Mun tafa har tafin hannunmu ya yi ja. Ina ma taya ka murna, domin a fagen rage hayaƙi garinmu ya riga ƙasashen da ka lissafa. Tun da taransifomarmu ta ƙone aka ɗauke ta za a gyara, ba mu ƙara gurɓata iskar kowa ba. Turakun wutar suna nan tsaye, mata na ɗaure igiyar shanya a jikinsu.

Na biyu, wutar da ta kunna majigin nan. Ban sani ba ko ka tambayi inda ta fito. Janareton da kuka zo da shi ya ƙi tashi, an ja igiya har an gaji. A garinmu kuwa ba a barin baƙo ya ji kunya. In babban mutum zai zo, tabarmin masallaci ake kwasowa, kujerun makarantarmu ake ɗebowa yara su zauna a ƙasa, wanda ke da rago ya manta yana da shi. Da mutanenka suka tambaya ko akwai wuta a wani wuri, mai gari bai ɓoye ba, ya ce akwai a asibiti. Aka je aka kwance batiran solar da na'urar da ke haɗe da su. Jami'in asibitin ƙaramin ma'aikaci ne, bai isa ya ce wa mai gari a'a a gaban baƙin gwamnati ba. An ce masa da la'asar za a maido.

Ke nan, ranka ya daɗe, wuta mai tsabta guda ɗaya tak da garinmu ya mallaka, ita aka kashe don a nuna mana hoton wuta mai tsabta. Na so in yi magana tun a wurin, Malam ya aiko a gaya mini in yi shiru, ba a tozarta baƙo a kan abin aro.

Na uku, la'asar ɗin. Har yau ba ta yi ba. Da aka tashi taro, yaranka suka loda rumfuna da lasifikoki a mota, batiran ma suka shiga, saboda gobe akwai wata lacca a gaba kuma janareto bai warke ba. Na hau kabu-kabu na bi sawu har Tambuwal. Wani ya ce kayan sun wuce Sanyinna, wani ya ce suna Sakkwato a ɗakin ajiya, wani ya tambaye ni takardar da ke nuna namu ne. Daga baya wata ƙawata ta nuna mini hoton wani taronku a wayarta. Ga batiranmu nan a gefen mumbari, an yi musu fenti, an rubuta sunan kwamitinka a jiki da manyan baƙaƙe. Wallahi sun yi kyau. Ba su taɓa samun irin wannan gata a wurinmu ba, kuma yanzu sun ga garuruwan da ni ban taɓa zuwa ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Alluran rigakafin yara an mayar da su Kebbe, wannan lissafin wasu ne. Maganin Malam na kwaso na kawo gida, na sa a ƙaramar tukunya, na binne ta cikin yashi a gindin randa, ina yayyafa ruwa. Da sanyi dabarar ta riƙe mu. Da bazara ta shigo, yashin kan bushe kafin in dawo daga makaranta. Ina yin allura yadda na saba, amma sugan ba ya sauka, ashe maganin ya mutu a cikin kwalba, ido kuma ba ya gane haka. Malam ya fara matso da littafi kusa da fuskarsa. Sai ya fara cewa a fito da shimfiɗarsa waje, zaure ya yi duhu. Ranar da na ji ya miƙa wa wani ɗalibinsa littafi ya ce ya karanto shi ya fassara, na koma ɗaki na yi kuka, domin ban taɓa ganin wani ya karanta wa mahaifina ba.

Ba zan ɗora maka abin da ba naka ba. Ciwon ya riga zuwanka, kuma komai da ƙaddarar Allah. Amma likitan ido a Sakkwato ya ce watannin da sugan ya yi yana hawa sun cinye idon hagu, ba zai dawo ba. Na dama yana nan da sauran gani, in an riƙe sugan da magani mai rai. Yanzu kaɗan-kaɗan muke sayowa, mai ƙanƙara a Tambuwal yana ajiye mana, ranar da hanya ta yanke ko injinsa ya tsaya sai abin da Allah ya yi.

Na biyar, ita kanta nukiliyar. Kada a ce ƴar ƙauye ta tsorata da ilimi. Ina koyar da yara, na san wutar da ba ta hayaƙi alheri ce, kuma ina so jikokinmu su same ta. Tambayoyi ne kawai da ban samu damar yi ba, saboda ba a ba mata lasifika ba. Ka ce ginin tashar yana cin shekaru masu yawa, to wace wuta za mu riƙe kafin nan? In an gama, ta wace waya za ta iso mu, ta igiyar shanya? Ka ce tana barin wani dattin da dole a killace shi, a tsare shi har bayan jikokin jikoki, kada ko ƙwaya ta ɓata. Na yarda da kai. Sai dai hankalina bai kwanta ba, ganin waɗanda za su riƙe wannan amana su ne suka ari batir zuwa la'asar. Su kuma masu zuba jarin, in sun iso, ka ba su shawara su rubuta sunansu a jikin kayansu tun daga gida.

Buƙatuna ba su da yawa, kuma ba sa buƙatar a kafa ƙaramin kwamiti. A maido da batiran da na'urarsu asibitinmu kafin zafi ya sake shigowa. Ba sai an kankare fentin ba, mun yafe, firiji ba ya karatu. A turo wanda zai haɗa su yadda aka same su. Kada a ɗora laifin a kan jami'in asibitin, shi umarni ya bi. In kuma za ku sake fita wayar da kai, don Allah ku gwada janaretonku tun a birni.

Malam bai san na rubuta wannan wasiƙa ba, da ya sani da ya hana. Har yanzu in an ambace ka cewa yake mantuwa ce irin ta masu hidimar jama'a. Ni ban kai shi haƙuri ba, amma zan yi maka addu'a da gaskiya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya cika maka burinka na wutar gobe, ya sa ka tsufa da idanunka biyu kana karanta abin da kake so da kanka. Mahaifina ido ɗaya ya rage masa, ranka ya daɗe. Shi nake roƙo ku bar mana.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Ɗiyar Malam, malamar firamare.