Takobin Malam Haladu

Zuwa ga Yayana Idi Maƙeri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Ni ne Sale. Kada ka yi mamakin rubutun. Bayan rasuwarka na shiga makarantar manya, kuma ba don komai na jure zaman benci da furfura a gemu ba, sai don in rubuta wannan da hannuna, kada wani mai rubuta wasiƙa ya ji abin da ke ciki.

Labari na kawo maka, ba kuwa mai daɗi ba. An zaɓi Malam Haladu. Shi dai, ɗan kwangilar itacen nan mai tafiya kamar ƙasar ta ubansa ce. Shi ne wakilinmu yanzu, shi zai riƙa haye gada zuwa cikin gari yana magana da yawun unguwarmu ta Maƙera a majalisa. Ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya, Yaya. Ni ma a layinsa na tsaya.

Ka tuna farkon daminar da labarin faɗan Kano ya iso mana? Kowane jirgin ƙasa ya tsaya sai ya sauke fasinja da sabuwar jita-jita. Mutanen Kudu masu aikin reluwe sun ɗaure kayansu suna kwana da takalmi a ƙafa. Ranar nan bayan la'asar, ina kan zuga-zugi kana gyaran garma, Haladu ya shigo da takobin mahaifinsa, mai ƙotar tagullan nan da duk unguwa ta sani. Irinsa arba'in yake so kafin Juma'a. Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, “Malam, ni mai neman tuwo nake yi wa ƙira.” Ka ƙara da cewa gobe mai unguwa zai ji wannan magana.

Ya fita a fusace har ya manta takobin. Ka miƙo mini ka ce in kai gida in ajiye sai ya huce, domin kayan mutum amana ne ko da mutumin banza ne.

Ya riga ka, Yaya. Gari na wayewa 'yan sanda suka cika maƙera. Addunan da muka ƙera wa manoman Kudenda da Unguwar Boro su aka jera a ƙasa aka kira su makamai. A gaban alƙali Haladu ya rantse cewa bai taɓa taka ƙofarmu ba, wai daga nesa ya hango abin da kake shiryawa, tausayin jama'a ya hana shi barci. Ina zaune a wurin, takobinsa na ƙarƙashin gadona. Na yunƙura zan miƙe, ka kalle ni ka girgiza kai. Da na zo ganinka a kurkuku ka ce, “Bar shi inda yake. In aka ga takobi a ɗakinka mu biyu za a ɗaure, wa zai ci da yaran?” Na ji daɗi da ka faɗi haka. Yau nake gaya maka gaskiya: tsoro nake ji, ka ba ni inda zan fake.

Wata shida tari ya gama da kai. Ni na yi maka wanka. Damtsen nan da ke ɗaga masaba tun safe har magariba, da yatsu biyu na zagaye shi.

To, ka san da me Haladu ya ci zaɓe? Da kai. Shi ne mutumin da ya kama maƙerin da ya so ya zubar da jini a Maƙera. Duk inda ya tsaya neman goyon baya sai ya dafa ƙirji ya ce takobin ubansa na nan rataye a ɗakinsa, shekara goma bai fita daga kube ba. Mata su yi guɗa. Ni kuwa in koma gida in durƙusa in leƙa ƙarƙashin gado.

Ranar zaɓe aka tara mu, maza masu biyan haraji, a fili kusa da kasuwa. Kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa a ƙirga su, kowa na ganin kowa. Abokin karawarsa wani mai zafin kai ne da ke cewa a loda mutanen Kudu a taragu a mayar da su inda suka fito. Kuma har yau ƙasar ba ta zauna ba. Ana cewa Turawa za su tafi, ana cewa Arewa da Kudu za su raba gari. Ashana ɗaya ta isa. Na dubi layin nan biyu, na ja ƙafata zuwa na wanda ya kashe ka.

Baba Yohanna na gabana a layi. Abokinka na loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, wanda kuke raba goro ɗaya biyu a bakin maƙera, wanda ka ƙera wa matarsa murhu kyauta. Bai zo gaisuwarka ba, don ya gaskata cewa wuƙar yanka maƙwabta kake wasawa. Ya waiwayo ya kama hannuna, idonsa cike da hawaye, ya ce Allah ya yi mini albarka da ban bi halin wana ba. Na ce amin. Wallahi, Yaya, na ce amin, bakina kamar na tauna gawayi.

Ka san al'ada, in mutum ya sami girma masu sana'a kan je gaisuwa kowa da aikin hannunsa. Jiya mu maƙera muka je. Wani ya kai gatari, wani ya kai linzami. Da aka zo kaina, na miƙa masa ƙunshi cikin farin ƙyalle. Kuben na kai masa, babu takobin.

Kube duk ɗaya ne a idon mutane, tsohuwar fata ce kawai. Amma na ga babban yatsansa ya sauka daidai kan ɗinkin da ya yi da kansa a bakin kuben. Murmushin ya tsaya masa a fuska ya rasa inda zai kai shi. Zufa ta keto daga ƙarƙashin hula. Sai liman ya ce masha Allah, maƙeri ya yi hikima, kube babu takobi alamar zaman lafiya ce. Aka yi ta kabbara. Na matsa kusa kamar mai neman albarka, na ce masa a hankali, “Ragowar na nan a ajiye, ranka ya daɗe.” Ba zai iya cewa sace shi aka yi ba, shi da ya cika gari da rantsuwar yana rataye a ɗakinsa.

Kafin azahar yau ya aiko mini da goro har sau biyu. Na mayar.

Jama'a sun ɗora masa amana, suna sa ran zai tsare musu rufin ɗakunansu. Zai tsare kuwa, ko yana so ko ba ya so. Ko faɗan mata aka yi a bakin famfo tsakanin 'yar Arewa da 'yar Kudu, ina so ya bar tuwonsa ya fito da gudu babu takalmi. Ranar da aka ƙona ɗaki ɗaya a Maƙera, takobin nan zai kwana rataye a tsakiyar kasuwa da wannan takarda naɗe a jikinsa. Ban yafe ba, ba zan yafe ba. Ina so duk safiyar da ya ji ƙarar masabata cikinsa ya ɗuri ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne kai ke ɗauke da nauyin shirun nan. 'Ya'yanka na wucewa ana nuna su da baki. Ka yafe mini, Yayana. Kai ka goya ni a baya muka haye kogin nan lokacin da muka baro gida, kai ka riƙe hannuna a kan masaba har na iya. Da farko tsoro ne ya rufe mini baki. Yanzu jira ne. Ranar da ƙasa ta lafa, gidan Baba Yohanna zan fara zuwa, in ajiye masa ƙotar tagullan nan a cinya, in tsaya ina kallonsa har ya kira sunanka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Shi kuma Malam Haladu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare shi daga ciwo da hatsari, ya ja kwanansa. Ina so ranar nan ta same shi a raye.

Ƙaninka da bai miƙe ba ranar da ya kamata,
Sale, Maƙera.