Idon Baba Da Hanyar Mota

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya ɗaga jakunkunan mutane a filin jirgi? Na ba ma'aikaciyar jirgin safe wannan takarda ta miƙa maka, don Baba ya kasa kunne a kan wayata, ba na iya magana a gabansa.

Aikin idon Baba ya yi kyau. Sai dai likita ta ce ta sa masa iska a cikin idon don ta riƙe wurin da aka gyara. Idan ya hau jirgi kafin sati shida, iskar za ta kumbura, idon ya tafi. Shi kuwa ya ƙi zama. Daga falo zuwa baranda, daga baranda zuwa ƙofa, yana tambayata ya jikin Baffa. Na ce da sauƙi. Kai ma haka za ka ce.

Ka gaida Mama.
Yayarka.

Yaya,

Na gaishe ki. Babu wani sauƙi. Jiya Baffa ya kama hannuna ya ce, "Yayana ya dawo?" Shekara tara ba su gaisa ba saboda katangar gidan Kaka, yau shi yake nema. Likitansa ya ce kwanaki ne.

Na duba da kaina. Daga filin jirginku zuwa namu kilomita ɗari shida ne ta sama, minti hamsin da biyar. Ta ƙasa ɗari tara ne, awa goma sha uku, don sai an zagaya gadar da ake gyara. Kullum ina tsaye ina kallon jirginku yana sauka, kowa ya fito ban da Baba. Ki faɗa masa, Yaya. In ba haka ba, ni ba zan iya kallon fuskarsa ba daga baya.

Ki huta lafiya.
Auta.

Auta,

Ina gaisuwa. Na faɗa masa, kuma na gode da ka jefa ni cikin wuta. Ya shiga ɗaki ya cusa kayansa a jaka, ya ce in saya masa tikitin jirgin rana. Na ce ido fa? Ya ce, "Ai biyu gare ni. Ƙane kuwa ɗaya." Na ɓoye katin shaidarsa a cikin injin wanki. Ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba, na yi kukana a kicin.

Likita ta yarda da mota, in za a riƙa tsayawa ana ɗiga masa magani. Maigidana zai taso da shi a mota gobe da asuba. Ni ba a ba ni hutu ba. Ka ce wa Baffa ya jira. Na san ba a hannunsa yake ba, amma ka faɗa masa.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka.

Yaya,

Gaisuwa. Sun kwana a hanya, sun iso da hantsi. Baffa bai yi magana ba tun jiya. Baba ya kore mu duka daga ɗakin Baffa, ya rufe ƙofa. Na daɗe a bakin ƙofar ina jin muryarsa shi kaɗai. Can sai na ji dariya. Ban sani ba ko ta mutum ɗaya ce ko ta biyu.

Har yanzu bai buɗe ba. Zan koma in tsaya.

Auta.