Akwatin Saƙo da Furannin Injiniya

Litinin, 3 ga Fabrairu

Malamin kwamfuta ya ba kulob ɗinmu aiki. Za mu haɗa akwati a bayan laburare, inda yarinyar da ke da damuwa za ta rubuta wa Malamar shawara saƙo ba tare da kowa ya sani ba. Cikinsa wata 'yar kwamfuta ce, ba ta kai tafin hannuna ba. Mu za mu haɗa mata manhajar da za ta tafiyar da ita, fakiti bayan fakiti, wato guntu-guntun manhaja, sai abin da muka zaɓa kawai. An haɗa ni da shugabar kulob, wadda ake kira Injiniya. Tana aji shida. Da ta ce "ƙanwata, kin iya?" kai kawai na gyaɗa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Fakitocin nan kamar dangin Umma suke. Ka gayyaci ɗaya, ya zo da ƙannensa, su ma su zo da nasu. Ma'ajiyar 'yar kwamfutar kuwa ƙarama ce. Haɗin yau ya ƙi shiga.

Injiniya ta yi wa allon maraba furanni masu motsi. Sun yi kyau, gaskiya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ya shiga! Injiniya ta cire fakitin ɓoye saƙo, wanda ke hargitsa rubutu yadda sai mai makulli zai iya karantawa. Ta ce shi da 'yan rakiyarsa ne suka cinye wuri. Manhajar ba ta yi ƙorafi ba, kowa ya tafa. Ni ma na tafa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na zauna lokacin tara don gwaji. Na rubuta "ina jin tsoro" a akwatin, sannan na leƙa abin da ke wucewa a layin sadarwar makaranta daga wata kwamfutar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ina jin tsoro. Ashe idan manhajar ta rasa fakitin, shiru take yi, ta aika saƙo tsirara. Duk ɗan kulob zai iya gani. Kuma mun san bakin 'yan kulob.

Na bi na duba me ya jawo me. Furannin ne. Su kaɗai suka jawo tarin fakitocin hoto, sun fi na ɓoye saƙo nauyi nesa ba kusa ba.

Na isa har gaban kujerar Injiniya don in faɗa mata. Sai na ɓige da cewa ta ara mini biro.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yaya ya ce wai fuskata kamar wadda aka ƙwace wa alawa. Ban kula shi ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Malam ya ce gobe a kafa akwatin, ko akwai mai magana? Hannuna ya ɗaga kansa. Na fara magana ƙasa-ƙasa, har wani ya ce "ƙara sauti, rediyo!" Na ce a zo a gani. Na sa Malam ya rubuta abin da yake so, ya bayyana a ɗaya allon. Dariya ta tsaya.

Injiniya ta ce, "To me za mu cire, Malama ƙarama?"

Na ce furannin. Ina kallon takalmina na faɗa, amma na faɗa.

Mun sake haɗawa, na kuma sa sharaɗi: idan babu fakitin ɓoye saƙo, haɗin ya tsaya cak. Allon yanzu baƙi ne da farin rubutu. Muni kam akwai shi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An kafa akwatin. Ina kan gwaji wani saƙo ya wuce, ba nawa ba, na gaske. Haruffa da lambobi a cakuɗe, ko kalma ɗaya ban gane ba. Ban san wace ce ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Injiniya ba ta amsa gaisuwata ba yau ma. Na zata zan kasa cin abinci. Na cinye, har na nemi ƙari.